Ramin da Bai Kai Ƙwayar Wake Ba

"Karɓi muciyar nan," in ji Goggo Namwinga, yayar mijin Mubanga. "Gawar surukinki tana kwance, ke kina zaune kamar baƙuwa."

Mubanga ta ɗaga hannun dama ta nuna mata filastar.

"An yi mini aiki, Goggo. Karaya ce a wuyan hannu."

Matan da ke tuƙa nshima, tuwon masara, a bayan gidan makokin suka matso, suka leƙa. Filastar ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Wannan ce karayar? Ni yankewar da na yi wurin yanka albasa ta fi wannan!"

Dariya ta tashi, a gidan mutuwa.

Laifin Dakta Sakala ne. Da ta zame a kasuwar Kitwe, maimakon ya farke hannun kamar kowane likitan kirki, sai ya huda rami bai kai ƙwayar wake ba, ya gyara ƙashin yana kallon allo, ya ɗura masa siminti. Har da fahariya: ba tabo, ba ɗauri. Sai dai kada ta ɗauki abin da ya fi kofin shayi, in ba haka ba ƙashin ya goce. Ya yi karatu a Turai, amma da alama bai taɓa zuwa makoki ba.

"Siminti a ciki?" Goggo ta ce. "To ai kin fi mu ƙarfi ke nan. Tuƙa!"

Mubanga ta fice ba sallama. Ba ta tsaya ba har ta isa gidan Sista Lungu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya.

"Ki yi mini farin ɗaurin nan mai tauri. Har gwiwar hannu. Wanda makaho zai gani."

"Ba zan rufe aikin likita ba, ƙawata. Hannun nan motsi yake so."

"To ga na hagu."

"Lafiyayyen?"

"Wa zai duba?"

Babu wanda ya duba. Tana dawowa da farin ɗauri a hannun hagu aka yi caa a kanta. Wannan ta kawo kujera, waccan ta kawo shayi. Mijinta ma, da ya raka ta asibiti da ƙafarsa, ya taso daga rumfar maza, ya shafa ɗaurin yana girgiza kai.

Goggo Namwinga har da ƙwalla.

"Wayyo ƙanwata, me ya hana ki faɗa? Zauna, kada ki taɓa komai da shi." Ta share ido, ta jawo bokiti cike da ruwa, ta dire a gabanta. "Allah ya taimaka na daman lafiya lau. Miƙa wa masu wanke-wanke."

Mubanga ta dubi bokitin. Ta dubi goshin Goggo. Sannan ta ɗaga sabon hannunta a hankali, tana auna nauyinsa.