Ƙyallen Malamar Asibiti

Innarmu tela ce, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi lokacin ina 'yar shekara goma sha huɗu: duk ƙyallen da ya rage a ɗinki, ko bai kai tafin hannu ba, sai ta goge ta ninke ta mayar wa mai kaya.

A makaranta mu huɗu ne, kullum tare. Shugabarmu Doguwa, mai baki kamar reza, amma in ta ce ke tata ce, ba mai taɓa ki. Ina sonta ba kaɗan ba. Wata rana ta raka ni gida, ta ga ragowar koren yadin wata malamar asibiti a kan keken ɗinki.

"Ki samo mana mu ɗaure gashi iri ɗaya," ta ce. "In ba za ki iya ba, ki nemi wasu ƙawayen."

Na samo. Na yanka shi huɗu, muka yi kwana biyu muna taƙama.

Ranar da matar ta zo karɓar rigarta, Inna ta birkice ɗakin, har ƙarƙashin gado ta leƙa. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallonta.

"Ki yi haƙuri, ƙyallenki ya ɓace a hannuna," in ji Inna.

Matar ta yi dariya. "Haba, tela! Wa ke tambayar ƙyalle?"

"Ni nake tambayar kaina."

Ko kallona Inna ba ta yi ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa 'yarta ce ba. Da ta dake ni da ya fi min sauƙi.

Washegari na ce da ƙawayena su kwance ƙyallayen su ba ni. Biyu suka miƙo min suna gunaguni. Doguwa ta warware nata a hankali, ta jefar a ƙasa.

"Ɗauki, ustaziya. Daga yau ban san ki ba."

Na wanke su, na ajiye wa Inna a kan keke, na faɗi gaskiya ina kuka. Ta jima tana juya su, sannan ta ce in saka takalmi, ni zan kai wa matar da hannuna.

Doguwa kuwa ta cika maganarta, har muka gama makaranta ba ta sake kula ni ba. Ban yi nadama ba, amma na yi kewarta sosai. Shekara talatin ke nan, in na ji wata ta fashe da dariya irin tata a kasuwa, sai na waiga.