Zaren da Kifi Ba Ya Gani

Shuvai ta ja zaren tsakanin yatsunta biyu, tun daga bakin sanda har zuwa ƙugiya, sai ta yamutsa fuska.

"Baba, wannan zaren ai ya mutu. Ji yadda ya yi kaushi. Kai da kake yanke ƙulli ka ɗaura sabo bayan kowane kifi?"

Gwinyai Marufu yana zaune a baranda, ya ce da ma yana da niyyar canzawa. Ƙarya yake yi. Tun da 'yar tasa ta ɗauki sandar yake Allah-Allah ta ajiye ta, don ƙullin da ke wuyan ƙugiyar nan amininsa Zivanai ne ya ɗaura shi, a fitarsu ta ƙarshe kan tafkin Mutirikwi, kafin ciwon ƙirji ya tafi da shi a farkon sanyi. Tun daga ranar Gwinyai ke lallaɓa ƙullin. Ya daina zuwa wajen matattun itatuwan da manyan kifin bas ke fakewa, sai rakuɓe-rakuɓe a fili, yana jefa fatsa yana roƙon Allah kada babba ya ci. Kai, abin da ban tausayi, a ce mutum ya tsufa a kan ruwa ya koma gudun babban kifi.

Ciwon suga ne ya ci masa ido. Yana ganin haske, yana ganin motsi, yana gane Shuvai da jar rigarta da kuma tafiyarta irin ta marigayiya uwarta. Amma zare da kafar ƙugiya kam sun daɗe da yi masa sallama. Ba wanda ya sani sai Zivanai, shi kuwa sahwira ne, aminin da ke da ikon zaginka a bainar jama'a, ya kuma shiga kabari da asirinka.

Shuvai ta zo daga Harare jiya, kuma ba ta yi wani kwana-kwana ba. "Na zo in ga yadda kake kai kaɗai, Baba. In kana iyawa, na bar ka da tafkinka. In ba haka ba, ɗakinka na nan a gyare." Ya san ɗakin. A saman bene yake, tagarsa na kallon bangon wani benen.

"Tashi mu je Masvingo," ta ce, tana jingine sandar. "Gobe zan bi ka ruwa, kuma ba da wannan tsumman zaren ba."

Dzingai mai shagon kayan kamun kifi ya hango su tun daga ƙofa, ya kira tsohon da sekuru, wato kaka.

"Sekuru Marufu! Har yanzu kifayen nan ba su kai ƙararka ba?"

"Za su kai, in sun gama dariyar masu saye a wurinka."

Dzingai ya ƙyalƙyale, ya gaida Shuvai da tafa hannu irin na al'adarsu, sannan ya jero zaruruwa a kan kanta. Ga na saƙa mai ƙarfin tsiya wanda kifi ke hangowa tun daga nesa. Ga nailan kore shar mai taushi. Ga kuma fulorokabon, wanda kowa ke kira fuloro, mai taurin kai da tsada, wanda in ya shiga ruwa sai ya ɓace ɓat, ya nutse da kansa, ya kawo wa hannu labarin duk abin da ya taɓa ƙugiya. Bana ruwan tafkin ya kwanta garau, kifin ya yi wayo, duk wanda ya san abin da yake yi fuloro yake saye.

Amma Dzingai koren ya turo gaban tsohon. Ya daɗe yana lura da yadda Gwinyai ke shafa kanta kafin ya ɗauki abu. Ya rage murya.

"Sekuru, gwada wannan mana. Yana da daɗin ɗauri. Mutane da yawa sun koma masa."

Gwinyai ya warware kaɗan ya ɗaga saitin hasken ƙofa. Sai ga shi. Dishi-dishi ne, amma ga shi nan, siririn kore yana lilo a gaban idonsa. Rabon da ya ga zare da idonsa har ya manta. Da wannan, in ya samu rana mai kyau da haƙuri, zai iya zura shi a ƙugiya da kansa. Zai iya kai wata damina a gidansa. Ya buɗe baki ke nan sai Shuvai ta fashe da dariya.

"Haba Dzingai, Baba da koren zare? Shi da yake cewa mai jefa kore a Mutirikwi gara ya tafi da ganga ya sanar da kifi ya iso? Ina ƙarama na taɓa ɗauko irinsa don ya yi mini kyau, wuni guda bai yi mini magana ba."

Dariya take yi da zuciya ɗaya, irin ta 'yar da ke alfahari da ubanta. Gwinyai ya san in ya ce a ba shi kore, dariyar za ta tsaya, ta juyo ta dube shi da idon nan nata na ma'aikaciyar asibiti, shi ke nan. Ya ajiye zaren a hankali.

"Ka ji ko? Ba ni fuloro. Mai ɗaukar kilo shida."

Dzingai ya dube shi, ya dubi Shuvai, ya sa zaren a leda. A hanyar komawa Gwinyai ya kwantar wa kansa da hankali. Zai ce sabon zare sai ya kwana biyu kafin a naɗa. Gobe za su fita da tsohon ƙulli, ya kama 'yan ƙanana biyu a fili, ta ga yana iyawa, ta koma Harare. Da daddare ya ci sadza, tuwonsu na masara, da ganye har ya nemi ƙari.

Da sassafe ya fito daga wanka ya tarar da ita a baranda, tana hura wutar shayi.

"Na hutar da kai, Baba. Na naɗa maka sabon a kwarkwaro, ban manta yadda ake yi ba."

Ya tsaya da tawul a wuya. "Tsohon fa?"

"Na jefa a wuta, kada kaji su harɗe a ciki." Ta kama hannunsa ta sa masa ƙugiya a tafi, tsirara, sumul, ba ko ɗigon zare a wuyanta. "Ɗaurin kuma na bar maka. Na san ba ka yarda kowa ya taɓa maka ƙulli."

Warin ƙonanniyar roba na tashi daga murhu. Ashe abin da yake ji ke nan tun daga banɗaki. Ya ji kamar yau aka sake binne Zivanai, kuma ba damar ya yi kuka, don me zai ce yana yi wa kuka? Ya ce ta kyauta, Allah ya yi albarka.

Ita ya bar wa tuƙin kwalekwalen, ya ce ai ta girma. Ta nufi wajen matattun itatuwan kai tsaye, inda ya saba kai ta tana yarinya, ta kashe inji. Ruwa ya yi luf. Ta buɗe butar shayi, shi kuma ya juya mata baya kaɗan, ya lalubo bakin zaren daga kan sanda.

Ya kama shi da leɓe ya gane tsininsa. Ya riƙe ƙugiya a hagu, ya tura. Ya wuce ta gefe. Ya sake. Fuloro ba ya lanƙwasa don ya yi wa kowa alfarma, sai zillewa yake yi. Sanyin safiya ya ƙanƙame masa yatsu, ƙugiya ta soke shi a babban yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Ya ji Shuvai ta jefa tata fatsar, ta jawo, ta sake jefawa. Gumi ya keto masa duk da sanyin.

"Baba, lafiya?"

"Ƙalau. Ƙugiyoyin zamani ne, ba su da kafa."

Ya ƙara matso da hannayensa daf da hanci, ya tura, ya tura. Can sai ya lura ƙarar kwarkwaronta ta tsaya. Ba ta jefawa, ba ta jawowa.

Ta daɗe tana kallonsa. Zaren ya suɓuce daga yatsunsa tuni, iska ta ɗaga shi yana yawo a gefen kunnensa, rana na ƙyalli a jikinsa. Shi kuwa Gwinyai Marufu, wanda ya koya wa rabin masu kamun kifin tafkin nan ɗauri, yana nan ya dage, ya haɗe yatsu biyu da ba komai a tsakaninsu, yana zura iska a ƙugiya.

Kwalekwalen ya ɗan karkata da ta taso. Ta durƙusa a gabansa, ta kamo zaren daga iska, ta riƙe hannayensa duka biyu.

"Tun yaushe?"

Ya so ya yi faɗa. Ya nemi faɗan a cikinsa ya rasa.

"An kwana biyu."

"To wa ke ɗaura maka?"

"Zivanai."

Ta saki hannayensa. Ya san abin da take tunowa, don tana wurin. Ranar jana'izar, kamar yadda aka saba, shi Gwinyai, a matsayinsa na sahwiran Zivanai, ya sa hular mamacin ya fito tsakar gida yana kwaikwayonsa don a sassauta kuka. Ya yi tafiyarsa ta gwame, ya fizge sandar wani tsoho ya daka tsawa da muryar Zivanai: "Kawo nan, kana ɗaura ƙugiya kamar mai ɗaure akuya!" Har matar mamacin sai da ta yi dariya da hawaye, don kowa ya sha jin wannan tsawar tana ratsa tafki. Kowa ya ɗauka tsiya ce ta aminai. Zivanai da gangan yake ɗaga murya, don sauran kwalekwale su ji zagi, kada su ga taimako.

"Wanda na ƙona da safe…" ta ce.

"Na ƙarshe ne."

"Wayyo Baba. Me ya sa ba ka faɗa ba? Jiya ma Dzingai… da ban yi dariyar nan ba…"

"Ke kika zaɓa, ko ni? Share hancinki, kina korar kifi."

Ta share da bayan hannu. Ta karɓi ƙugiyar, ta zura zaren sau ɗaya tak, ta ninka, ta zagaya. Yana jin motsin yatsunta a jikin sandar da ke kan cinyarsa, ya gane ɗaurin da ya koya mata ne tana 'yar firamare. Za ta ja ke nan ya dafe ta.

"Jiƙa shi da yawu. In kika ja shi a bushe ya ƙone, kifin farko zai tsinka shi."

Ta jiƙa, ta ja, ta datse saura, ta sa masa tanar roba. Ya kai ƙullin bakinsa ya shafa da harshe, ya gyaɗa kai.

"Ina itacen nan mai reshe biyu?"

"Damanka. Ɗan ƙara kaɗan. Nan."

Ya jefa. Ya ji tanar ta faɗa, ya ji zaren na nutsewa da ita, ya ji ta gogi reshe, ta sauka kan dutse. Duk abin da ke ƙasan ruwan nan yana hawowa ta zaren har wuyan hannunsa. Sai ya ji tuk. Ya dakata da numfashi. Tuk. Ya fizga.

Sanda ta lanƙwashe. Kifin ya nufi cikin itatuwa, zaren na gurzar reshe yana ƙara, Gwinyai ya miƙe tsaye yana zagin kifin da uwarsa da kakarsa, Shuvai ta riƙe masa ɗamara tana ihu kamar 'yar shekara goma. Kifin ya yi tsalle ya girgiza kai, ya faɗo ya watsa musu ruwa. Ƙullin bai motsa ba. Da ya gaji ya kwanta a gefen kwalekwale, Gwinyai ya bi zaren da hannu har ƙasa, ya cusa babban yatsa a ƙaton bakin ya ɗago shi. Nauyinsa ya ja masa kafaɗa.

"Yaya kalarsa?"

"Kore mai duhu a baya. Cikinsa fari. Ga baƙin layi a gefe, Baba, babba ne ƙwarai."

"Na sani. Ni nake riƙe da shi."

Ya zare ƙugiyar, ya mayar da kifin ruwa, ya tallafe shi har ya ji ya kaɗa wutsiya ya fice daga tafinsa. Ya daɗe da hannu a cikin ruwan. Sannan ya zauna, ya goge a wando.

"Zan bi ki Harare. Kajin gidan ki kai wa matar Zivanai. Kwalekwalen kuma Dzingai zai samo mai so."

"Baba, akwai tafki kusa da mu. Duk Lahadi zan riƙa kai ka."

"To," ya ce. Su biyun sun san yawancin Lahadi a asibiti take wuni.

Ta ɗauko almakashi ta miƙo hannu ga ƙugiyar, don haka ya koya mata: bayan kowane kifi a yanke a sake. Ya ji ƙarar ƙarfen, ya rufe ƙullin da tafin hannunsa.

"Bar shi," ya ce. "Ba za a sake jefa shi ba. Me zai tsinka shi?"