Kaya A Sama, Ciki A Murɗe

Na-Sama ake kiransa a wurin ginin, domin shi ke tuƙa kiren, dogon injin nan mai ɗaga kaya. Ɗan akurkin da yake zama a ciki yana can ƙololuwa, inda yake hango leburori kamar tururuwa masu hular kwano. Tsani ake bi a hau, tsani ake bi a sauko, babu wata hanya. Ya yi shekaru a kujerar nan yana ji da ita, har matarsa kan ce da tana ciruwa da ya taho da ita gida ya kwana a kai.

Sai aka yi masa tiyata aka cire masa matsarmama, saboda tsakuwar da ta taru a ciki. Raunin ya warke sumul. Cikin ne ya ƙi. Da ya ci abu mai maiƙo, kafin ya wanke hannu ciki ya soma ƙugi, ya murɗa, sai gudawa, kuma irin wadda ba ta jira. Likita ta yi masa bayani tun ranar sallama. Ruwan ɗacin da matsarmamar ke tarawa a da, yanzu ɗiga yake cikin hanji ba tsayawa, don haka ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya rage mai da soye-soye, in abin ya ƙi lafawa ya dawo, akwai magani. Ya ce to, irin to ɗin da ake mantawa a bakin ƙofar asibiti.

Ranar da ya koma aiki, Heluma, shugaban ma'aikatan wurin, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka tabbata ka warware? In da saura, ga sito can, ka riƙe mana shi har ka yi ƙarfi."

"Ni da sito, Maigida? Garau nake. Ba ni mabuɗina."

Aka ba shi. To, aikin kiren yana da ƙa'ida. In direba ya sauko, ginin gaba ɗaya ya tsaya, masu kwaɓa siminti su zauna, masu ɗaurin rodi su riƙe ƙugu. Kuma komai tsanani ba a barin kaya a rataye a sama a tafi. Makon farko Na-Sama ya yi ta zarya a tsanin nan, ya sauko da sauri har tafin hannunsa na zafi, ya zaga bayan kwantena inda banɗaki yake, ya fito yana gyara hula yana cewa wani noti ya duba. Mai Usur, abokinsa da ke ba shi umarni daga ƙasa ta oba-oba, ya kasa haƙuri.

"Na-Sama, yau kuma wane noti ne ya kwance? Injin nan naka notinsa duk a bayan kwantena suke?"

Oba-oba ba ta da sirri, kowa na ji. Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma ya hango Heluma yana duba agogo. Kunya ta cika shi, tsoro ya fi kunyar yawa.

Nan ya yi dabarar da yake ganin babu kamarta. In babu abin da ya shiga, ai babu abin da zai fita. Ya daina karyawa. Ya daina cin abincin rana. Baƙin shayi kawai yake ɗurawa a fulas ya hau da shi.

"Maigida, ga ɗan biredi da dafaffen dankali, babu ko ɗigon mai," in ji matarsa tana biye da shi har ƙofa. "Ai likita cewa ta yi ka riƙa ci kaɗan-kaɗan."

"Likita ta taɓa hawa kiren? Ajiye kayanki."

"Wallahi ka rame. Bel ɗinka har ka ƙara masa huda."

"Ki bar ni na ji da abu ɗaya, don Allah."

Da yamma kuwa ya dawo kamar kura don yunwa. Ga Yaya, babbar yayarsa, wadda tun da aka yi tiyatar ta ɗaura ɗamarar mayar masa da jiki, kullum sai ta aiko da soyayyen nama yana ninƙaya cikin mai. Wa zai ce wa Yaya a'a? Ya zauna ya share kwanon, ya wuni bai ci ba ya rama a zama ɗaya, sannan ya shiga sintiri tsakanin ɗaki da banɗaki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko a sama, cikin da babu komai bai bar shi ya huta ba. Ya gyara zama, ya sassauta bel, ya buɗe taga, ya rufe, ya leƙa tsani yana auna nisansa da ido.

Ranar da abin ya faru, ana ɗora manyan falankan kankare ne a hawa na sama. Rana ta take. An ɗaure falanki ɗaya, ya ɗaga shi, ya juyo da shi sannu a hankali har ya zo daidai kan mutum huɗun da ke jiran karɓa. Sai cikin ya murɗa, murɗar da bai taɓa jin irinta ba. Gumi ya karyo masa. Ya dafe sitiyarin hannun, ya dubi ƙugiyar, sai ya ga ta zama biyu. Ya ƙifta ido, ta koma ɗaya, ta sake rabuwa.

"Sauke a hankali," in ji Mai Usur. "Hankali, hankali. Tsaya. Ɗan hagu."

Zuciyarsa ta ce ya saki falankin da sauri, ya dire, ya bi tsani, wataƙila ya kai. Hannunsa har ya soma turawa. Ya ga ɗaya daga cikin mutanen ya shiga ƙarƙashin falankin yana gyara katakon da za a ɗora a kai, bayansa a sunkuye, bai san komai ba. Na-Sama ya janye hannun. Ya cije leɓe, ya rufe ido ɗaya don ƙugiyar ta tsaya wuri guda, ya ci gaba da saukewa kaɗan-kaɗan yadda aka saba.

"Ɗan dama. Tsaya. Sauke. Sauke."

A tsakiyar saukewar nan cikin ya fi ƙarfinsa. Ya ji komai, yana zaune, bai motsa ba, bai ɗauke hannu ba. Falankin ya zauna daram a kan katako, aka kwance igiya, Mai Usur ya ce madalla.

Ya ɗauki oba-obar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya danna.

"Maigida Heluma. Ba ni da lafiya. Ina bukatar ruwa da wani wandon."

Kowa ya ji. Can sai muryar Heluma, da ƙarfi, kamar mai faɗa: "Kowa ya tafi cin abinci, can gaban gini. Yanzu! Wanda na gani a nan ya kuka da kansa."

Na-Sama ya sauko sannu. Babu kowa a gindin tsanin sai Mai Usur riƙe da bokiti da nasa wandon aiki, idonsa a ƙasa. Ya miƙa masa su, ya juya baya.

Da ya fito daga bayan kwantena, ya tarar da Heluma zaune a kan bulo.

"Wannan ba komai ba ne," in ji Heluma. "Lalura ce, tana kan kowa. Ka huta yau, gobe ka hau abinka."

Abin da yake ta fafutuka a kai ke nan, ga shi an miƙo masa. Sai ya ji ba zai iya karɓa ba.

"Maigida, ba wandon ne ya tsorata ni ba. Ba na cin abinci, don kada in sauko. Ɗazu ƙugiya biyu na gani, ga mutum a ƙarƙashin kaya." Ya zaro mabuɗin daga aljihu. "Zan koma wurin likita. Ka ba wani, har in daidaita."

Heluma ya karɓi mabuɗin. "Dogo, ɗaya direban namu, zai hau."

"Ka gaya masa birkin juyawa yana da ɗan jinkiri in iska ta taso. Ya riƙa kama shi da wuri. Kuma tagar hagu..."

Na-Sama ya juya wa injin baya, ya sa gefen hannu yana goge ido.