Inci Biyu a Sparkhill

Shekara tara ina auren Ja'afaru ban taɓa kiran sunan yayansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo ɗaki sai in durƙusa in gaishe shi in fice. Haka aka koya mini a Kano, haka na ɗauko abina na kawo Manchester. Sunansa Ashafa, yanzu kam ina faɗa ba ko ɗar.

Mijina likitan tiyata ne. Jijiyoyin jini yake ɗinkewa, waɗanda ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Shekara takwas yana fama da jarrabawa a ɗan gidanmu na Moss Side, ni kuma ina wanke tsofaffin Turawa a gidan kula da su don ya samu ya yi karatun. Hannunsa na dama shi ne gonarmu. Ko gwangwanin tumatir ba na bari ya buɗe da shi.

Shi kuwa Yaya Ashafa injiniyan hanya ne a Birmingham, har shekarar da aka shiga rage ma'aikata aka haɗa da shi. Tun daga nan ya zama wani iri, magana kaɗan sai tsawa. Ana haka ya sayo wata tsohuwar jif mai shekara goma sha tara, duk tsatsa ta cinye mata ciki. Wai zai saka ta jirgin ruwa ya koma gida ya yi noma a wajen Doguwa. Hanyar gonar ba ta biyuwa da damina, don haka sai an ɗaga motar sama da inci biyu. Ya sayo dogayen sifirin guda huɗu da za a canza na ƙafafun, ya bugo wa mijina waya ran Juma'a.

“Gobe ka zo ka kama mini.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ya kashe.

Tun daga Manchester nake mita a mota. “Abban Raki, a kai ta gareji mana. Kai bakanike ne? Ran Litinin kana da theatre, tiyata za ka yi.”

“Yaya ne ya kira,” in ji shi. Da na ƙara magana sai ya ƙaro rediyo.

A lungun bayan gidansu na Sparkhill muka tarar da shi. Ya ɗora motar a kan bulo, ya cire tayoyin gaba, yana jibgar wani noti da guduma yana zaginsa har uwa. Ko gaisuwata bai amsa ba. Na wuce kicin wajen matarsa, Anti Saudatu, amma na ƙi zama, na tsaya a bakin ƙofa inda nake hango su.

Ja'afaru ya ɗauki sifirin ɗaya ya jinjina. Ƙarfe ne murɗaɗɗe, kaurin babban yatsa, tsayinsa ya kusa kai masa gwiwa. Ba ya shiga gurbinsa sai an matse shi, kuma akwai ƙarfen da aka yi musamman don matsewar.

“Yaya, ina compressor ɗin?”

“Babu.”

“To bari in leƙa Stratford Road in samo, ten minutes ne. Abin nan in ya kuɓuce yana iya kashe mutum.”

Marin da ya sauka a fuskar mijina har cikin kicin aka ji shi. Gilashinsa ya faɗi a cikin baƙin mai. Mutum ɗan shekara talatin da takwas, wanda Turawa ke miƙa wa wuƙa suna jiran umarninsa.

“Ni za ka koya wa aiki? Ni da na goya ka? Don an ba ni redundancy shi ke nan na zama jaki? Kanikawan Ƙofar Ruwa a Kano da me suke matsewa? Da waya! Kun zo nan an cika muku kai da health and safety.”

Na yunƙura zan fita, Anti Saudatu ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. “Batulu, ba ruwanki. Tsakanin wa da ƙani ne.” Mijina ya sunkuya ya ɗauki gilashinsa ya goge a riga, ya ce, “Yi haƙuri, Yaya.” Wallahi a lokacin ban san wanda na fi jin haushi ba a cikinsu.

Suka yi irin na Ƙofar Ruwan. Aka tsayar da sifirin a kan jak, aka ɗaga har ya tokare ƙarfen cikin motar, nauyinta ya matse shi ya koma guntu. Yaya ya kwanto wayar shanyar matarsa ya ɗaure shi wuri uku, ya murɗe bakin da filaya. Aka sauke jak, aka cusa sifirin a gurbinsa, aka datse wayar. Ya zauna daram. Yaya ya daki bodin motar da tafin hannu yana dariya, irin dariyar da ba daɗi a cikinta. “Ka gani, Dakta? Ina mutuwar?”

Na biyun ne waya ta gaza, ɗauri biyu kawai ta kai. Yaya ya ce ya isa. Ya sauke jak, ya sunkuya zai ɗauka, ya ɗan dafe ƙugunsa. Nan take mijina ya tare shi.

“Haba Yaya, ina tsaye? Kawo.”

Ya rungumi abin ya durƙusa a gefen mota, ya zura hannun dama cikin gurbin yana lalubar mazauni. Daga inda nake ina ganin bakin wayar ƙasa yana warwarewa a hankali. Na gani da idona. Na buɗe baki, amma Yaya na tsaye tsakanina da mijina, kuma ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Sai na yi gyaran murya. Ni Batulu, mai faɗa da direban bas a kan canji, abin da na iya ke nan, gyaran murya. Ba wanda ya waiwayo.

Ƙarar ta fi ta bindiga. Motar ta girgiza a kan bulo, sifirin ya fito ya daki katangar maƙwabci ya ɓalle katako biyu. Ja'afaru bai yi ihu ba. Ya zauna daɓas, ya zaro hannun yana kallonsa kamar na wani ne. Babban yatsan ya juya baya. Na tsakiya ya dagargaje, farin ƙashi a waje. Manunin babu shi sam, sai jini da ke tsartuwa yana sauka a kan takalmin Yaya.

Yaya ya tsaya a kansa. Da ya yi shiru da ban san abin da zan yi ba. Amma sai ya ce, “Ai na ce ka riƙe shi da kyau.”

Ban san lokacin da babbar sifana ta zo hannuna ba. “Ashafa!” Ya waiwayo, mamakin jin sunansa a bakina ya fi komai yawa a fuskarsa. Na sauke masa ita a goshi. Fata ta dare, jini ya rufe masa ido, ya tafi da baya ya bugi ƙofar mota. Na ƙara masa a kafaɗa, na ji wani abu ya ce ƙas. Na ɗaga ta uku, kuma Allah ya sani kansa na nufa. Anti Saudatu ta faɗo mini ta baya tana salati, muka zube ƙasa, na cije ta a damtse har na ji gishirin jini.

“Batulu.” Muryar mijina ce, a sanyaye, irin wadda yake magana da ita a asibiti. “Ɗankwalinki. Ɗaure nan, da ƙarfi. Anti, kira ambulance. Batulu, nemo yatsan.”

Na ɗaure. Na shiga ƙarƙashin motar da rarrafe, kaina a buɗe, ina lalube cikin giris da tsatsa. A bayan bulo na same shi, ya yi baƙi da mai, farcen a yanke tsaf yadda ya yanke shi da safe. Na sa a leda, na tura cikin wata ledar ƙanƙara daga firij. Sai a lokacin kuka ya zo mini.

Da masu motar asibiti suka iso, ɗaya ta duba goshin Yaya ta tambayi abin da ya same shi. Ya dube ni da ido ɗaya, ya ce, “The spring.” Wato sifirin ya ɗora wa laifin. Ban gode masa ba.

Awa bakwai suna aiki a kan hannun. Washegari da hantsi likitar ta kira ni gefe. Ta san aikin mijina, don haka ƙasa take kallo tana magana. Manunin bai kamu ba, na tsakiyan ma sun cire. Babban yatsan zai zauna, amma ba zai ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Na tambaye ta tiyata fa. Ta ce akwai koyarwa, akwai fannoni da yawa.

Ina zaune a gefen gadonsa bayan azahar sai ga Yaya Ashafa, kai a naɗe, hannu a rataye a wuya. Ban tashi ba, ban gaishe shi ba, na zuba masa ido. Ya tsaya a ƙarshen gado ya kasa matsowa.

Mijina ya buɗe ido ya gan shi. Ya yunƙura zai tashi zaune, ya kasa. Ya ɗaga kafaɗar dama zai miƙa hannu, sai ya ga dunƙulen bandejin. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa ɗayan hannun, ya sunkuyar da kai.

“Sannu da zuwa, Yaya. Ka yi haƙuri, hagu ce.”