Askar da Ta Sha Mai

Jibrilla maƙerin Cadakori ya fasa aska uku a cikin kaskon ruwansa, shekarar da Nasara suka bar mulki.

Ba hannunsa ne ya lalace ba. Ƙarfen ne baƙo. An daina narka tama, sai guntun ƙarfen mota da ake kawowa daga Maraɗi. Ƙarfen tama na da, in ya yi ja aka tsoma shi a ruwa, sai ya yi tauri. Wannan kuwa da ya taɓa ruwa sai ya ce ƙas, ya tsage.

Balarabe wanzami ke jiran askar. Ya tsaya bakin maƙera ya ce, "Maƙeri, ina da suna jibi. In ƙarfe ya fi ƙarfinka, akwai maƙera Gidan Sori."

Tun kakan Jibrilla wanzaman garin ba su taɓa kai aiki waje ba. 

Matarsa Laraba tana suyar ƙuli-ƙuli a bayan zana. Da wanzami ya tafi ta leƙo.

"Maigida, ruwa zari gare shi. Shi ka fizge zafin gaba ɗaya, saman ƙarfen ya daskare, cikin nai na wuta. Mai kuwa sannu yake sha, ya riƙe. Ka ga kaskona, in na sauke shi, sai in gama shara bai huce ba."

"Ke kin taɓa riƙe awartaki?"

"A'a. Amma na ƙone da ruwa, na ƙone da mai."

Ta cika masa ƙaramin kasko da man gyaɗa ta koma. Ya daɗe yana hararar kaskon. Sannan ya hura wuta, ya ƙera ta huɗu, ya tsoma a man. Babu ƙara, babu tururi. Hayaƙi ya tashi, man ya yi motsi a hankali, har gefen kaskon ya ɗau ɗumi. Askar ta fito baƙa, ba tsaga. Man kuwa ya tashi daga na ci, aka zubar da shi.

Washegari Balarabe ya gwada ta a gashin hannunsa. Ya sake gwadawa.

"Wanga aiki! Mi ka ba ta ta sha?"

Jibrilla ya nuna kaskon ruwa da haɓa. "Ruwan gidanmu. Na gado."

Zana ba ta tare magana. Ƙarar ludayi ta tsaya a bayanta.

Balarabe ya ce to a yi masa wasu irinta kafin ranar kasuwa, da na ƙaninsa. Jibrilla ya ce an gama. Ya raka shi, ya dawo ya zagaya bayan zana. Laraba na tace mai cikin tulu, ba ta ɗago ba.

"Ke, cika mini kaskon nan."

"Da mi, maigida?"

"Kin sani."

Ta ɗaure bakin tulun, ta tura shi bayanta.

"Ka tsoma cikin na gadon. Maina dai ba ni ba da shi."