Kamarad Bai Zo Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya sanar da Adamu sunayen abubuwa, ya bambanta harsunan bayinsa domin su zama aya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A zamanin da soja ke riƙe da ƙasar Benin, aka ce jam'iyya ɗaya ce kuma babu babba babu yaro, an yi wani direban babbar mota a unguwar Ladjifarani ta Parakou, ana ce masa Badamasi. Mutumin Yawuri ne ta Najeriya. Neman abinci ya kawo shi, aure ya zaunar da shi. Matarsa Zinatu 'yar gari ce, jikar fataken goro. Allah ya ba su ɗa guda, Zailani, wanda ba shi da buri sai ranar da zai zauna gefen ubansa a gaban mota.

Da yaro ya isa karatu, shawara ta rabu. Wan Badamasi ya aiko daga Yawuri a turo shi gida, ga makarantar gwamnati, ga dangi. Zinatu ta ce ba mai ƙetare mata iyaka da tilon ɗa. Kawunta Malam Tahirou yana da makarantar allo a Djougou, amma nan ma rabuwa ce. Sai aka tsaya kan lakol, wato makarantar boko ta unguwar Kpébié, inda yara ke koyon Faransanci, su nome gonar makaranta, su ɗaga dunƙulen hannu suna waƙar juyin juya hali.

Badamasi ba ya jin Faransanci, amma kalma ɗaya ta zauna masa a kunne kamar ƙaya. A kowane shinge na hanya, matashi mai bindiga zai daki ƙofar mota ya ce, "Kamarad, sauko!" Daga nan sai sauke kaya da zaman rana. Saidou, wani direba mutumin Nijar, shi ya fassara wa 'yan tasha ita: "Kamarad, wato kama mota, kama kaya, kama mai kaya."

Wata rana aka tsare Badamasi a shinge har tumatirin da ya ɗauko ya ruɓe, aka kuma sa shi tsuguno gaban yaron da bai kai ƙaninsa ba. Ya iso gida da la'asar tare da Saidou, zuciyarsa a dagule. Zailani ya sheƙo da gudu. Bai durƙusa ba kamar yadda aka hore shi. Ya ƙame, ya ɗaga hannu, fuskarsa cike da murna.

"Sannu da zuwa, Kamarad Baba!"

Saidou ya fashe da dariya. "To, Badamasi, shinge ya biyo ka har zaure. Fito da takardunka!"

Marin ya sauka kafin dariyar ta ƙare. Yaro ya dafe kunci, ya ce, "Baba, malaminmu ya ce kamarad shi ne abokin tafiyarka, wanda ba ka bari a hanya."

Zinatu ta yi magana daga bayan labule: "Maigida, gaskiya ya faɗa. Girmama ka ya yi da abin da ya koyo."

"Kada ki koya mini ma'anarta," in ji Badamasi. "Yau a tsugune na karanta ta."

Washegari ya ɗauki yaro zuwa Djougou. Ran nan ne Zailani ya sami zaman gaban mota da ya daɗe yana roƙo, amma tun daga Parakou har ƙofar masallacin Malam Tahirou ubansa bai ce masa uffan ba. Badamasi ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga shi, a wanke masa baki." Ya juya ga ɗansa: "Ba za ka ga fuskata ba sai harshenka ya manta kalmar nan."

Malam Tahirou mutum ne mai tsoron Allah. Ya riƙe yaro a cikin iyalinsa, yaro kuwa ya kama karatu, allonsa ba ya daɗewa ba a wanke ba. Malam ya yi ta aiko da labarin alheri, yana cewa uba ya zo ya gani da idonsa. Badamasi ya saya wa ɗansa takalma a kasuwar Malanville, ya ajiye ƙarƙashin kujerar mota. Sau da yawa ya iso mararrabar Djougou ya rage gudu, sai dariyar Saidou ta dawo masa, ya taka mota ya wuce.

Da bazara ta yi tsanani, sanƙarau ya shiga Djougou. Saƙo ya iske Badamasi a kan hanya cewa ciwon ya kama Zailani. Ko da ya iso, an dawo daga maƙabarta, Zinatu na cikin gida tare da mata.

Malam Tahirou ya zaunar da shi, ya yi masa ta'aziyya, ya tuna masa ajali ba ya gaba ba ya baya. Sannan ya ce, "Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Mun ɗauka zazzaɓi ne mai wucewa. Da ubansa ya ambata, da tun farko mun aika. Amma tun da ya kwanta tambayarsa ɗaya ce: 'Kamarad ya zo?' Har wani yaron maƙwabta mai zuwa lakol muka kira masa, ya dube shi ya juya fuska bango. Wane ne Kamarad ɗin nan, Badamasi? Me ya hana shi zuwa?"

Badamasi ya dubi takalman da ke kan cinyarsa, ƙanana, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "abokin tafiyarsa ne. Ya bar shi a hanya."

Ya Allah, ka haskaka makwancin Zailani da na dukkan waɗanda suka riga mu, ka sanyaya zukatan iyayen da suka binne 'ya'yansu a ƙasar baƙunta. Wanda ya karanta wannan kuwa, ka ba shi kunnen sauraro kafin fushi, ka sa ya cika da imani. Amin.