Zinariya Ta Rufe Kwanon Lalle

Zinariya ta fi shekara ashirin tana yi wa amaren Jidda lalle. Ni maƙwabciyarta ce a unguwar Hindawiyya, na kuma san abin da ke ci mata rai: duk gidan Larabawan da ta shiga, da an kawo abinci sai a tura ta kicin.

Wata Talata a 1988 na raka ta wani gidan biki. Kafin azahar ta gama wa amarya hannun dama, zane mai kyau har mata na ture juna wajen kallo. Aka shimfiɗa shinkafa da naman rago a falo. Mai gyaran gashi, farar mace 'yar Labanan, ta zauna cikin baƙi abinta. Mu kuwa uwar amarya ta nuna mana ƙofa da haɓa.

"Takruniyya, naku yana kicin. Yalla, maza."

Takruniyya dai sunan da suke kiran duk baƙar mace ke nan. Zinariya ta rufe kwanon lalle, ta jawo abayarta.

"Halas, Hajiya, na gama."

"Kin gama? Hannun hagu fa?"

"Sai na ci abinci. Kuma yau a nan zan ci, inda waccan take ci. Ita gashi ta gyara, ni hannu."

Daga ni har ita babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, waya ɗaya ta isa a kwashe mu. Na taka mata ƙafa. Ko kallona ba ta yi ba, ja'ira.

Sai kakar amarya, tsohuwa mai haƙori biyu, ta fashe da dariya har tana tari. Ta matsa gefe, ta bubbuga darduma.

"Zo nan, 'yata. Ke ma zo, mai rawar ƙafa."

Muka zauna. Wallahi daɗi ya kama ni.

Amarya ta taso tana ɗage da hannunta mai ɗanyen lalle, ta durƙusa kusa da Zinariya, ta kira ta da sunan da suke kiran 'yar'uwar uwa.

"Khala, yunwa nake ji, kuma ba zan ci da hagu ba."

Zinariya ta dunƙula loma da hannunta, ta sa mata a baki, uwar tana tsaye tana kallo. Yarinyar ta haɗiye, ta sake buɗe baki.